Ranar da Rediyo Ya Haɗiye Gaisuwarka

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Mu nan Yelwa lafiya lau.

Ran Juma'a munka kewaye rediyo, anka ce "Garba na gaida Innarsa da…" sai shuuu. Inna ta ɗauko muciya, wai ni na taɓa rediyon. Wannan karon wallahi ba ni ba ne. Wani ma'aikacin madatsar ruwa da ke wurin ne ya cece ni. Ya ce rana na huro wata iska, duniya kuma na da katangar maganaɗisu mai tare ta. In iskar ta bugi katangar da ƙarfi, muryoyin rediyo sai su ɓace.

A sa mu a addu'a, ka gaida matarka. Har yau ban san ko ka ambace ni ba. Sake aikowa, ka fara da sunana.

Ƙaninka,
Sani