Likita Ya Ce Sai Aiki, Maiɗakina Ta Miƙo Mini Tsintsiya

Goggo mai shawara, don Allah ki taimake ni, na ɗaure kaina da bakina, kuma kwana tara kacal suka rage mini.

Ni tela ne, shekara goma sha tara ina kan keken ɗinki, irin na ƙafa, don ban taɓa shiri da na lantarki ba. Ciwon baya kuwa kowane tela ya san shi. Amma wata biyar da suka wuce nawa ya canza salo. Sai ya taso daga ƙugu, ya bi bayan cinyar dama har babban ɗan yatsa, kamar an zura mini waya mai zafi. Ko atishawa zan yi sai na dafa teburin yanka. Na sha magani, na yi wata uku ina zuwa gashi a asibiti, ba sauƙi. Ranar da na tsorata ita ce ranar da na tashi daga shago, har na kai bakin titi, sai ga maƙwabcina mai gyaran waya ya biyo ni da silifas ɗina a hannu. Ya fita daga ƙafata ban ji ba.

Aka yi mini hoton MRI. Likita ya nuna mini cewa tsakanin kowane ƙashin baya da na kusa da shi akwai wani ɗan faifai mai laushi. Nawa guda ya ɓullo, yana danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Ya sa ni tafiya a kan dunduniya, na kasa ɗaga gaban ƙafar. Nan take ya ce sai an yi aiki, ya ba ni rana.

To ga inda na tafka wautar. Da na koma gida maiɗakina ta tare ni da tambaya, na ce mata likita ya ce maganin abin sai aiki. Baiwar Allah ta ɗauka aikin hannu ake nufi. Ta yi hamdala, ta ce dama ta sha gaya mini zaman wuri ɗaya ne ke cinye ni. Na ga fuskarta ta washe, sai na bar ta a kan fahimtarta. Yayanta ya shiga ɗakin tiyata shekara shida da suka wuce, bai fito da rai ba, har yau ko kalmar ba a furtawa a gidanmu. Tun ranar da na dawo daga wajen likita ni ne mai shara, ni ne mai shanya, har guga ta sakar mini, wai umarnin likita ne. Ina shara ina cije leɓe, ita kuma tana yaba mini.

Asibiti sun ce in zo da wanda zai sa hannu ya kuma zauna da ni. Abokan sana'a kuma sun cika mini kunne cewa duk wanda aka taɓa wa baya ya gama tafiya. Wallahi tsoro nake ji kada in sauka daga keken ɗinki in hau na guragu. In tafi a ɓoye da ƙanena ne, ko in fasa gaba ɗaya?

Naki,
Tela Mai Silifas Ɗaya

*

Malam Tela, sannu da jiki. Na yi dariya da na zo wajen guga, sannan tausayinka ya kama ni. Kafin komai, ajiye tsintsiyar nan, sunkuyo ba naka ba ne yanzu.

Ni ba likita ba ce, amma ga abin da na sani. Yawancin masu irin ciwonka suna samun sauƙi da magani da gashi, ba tare da wuƙa ba. Kai ka bi wannan hanyar wata uku, kuma ƙafar ta fara rasa ƙarfi. A nan ne likitoci ke maganar tiyata, domin jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo daidai ba. Aikin kan kasance ɗan tsagi ne, a cire ɓangaren da ya ɓullo, kuma da yawa sukan taka ƙafarsu washegari. Ban ce babu haɗari ba. Miki na iya ruruwa, ciwon na iya dawowa, ƙafar na iya ɗaukar watanni kafin ta yi ƙarfi. Amma abokanka ɗinki suka iya, ba su ga hotonka ba. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, kai wa wani likitan hoton cikin makon nan. Idan kuwa ka ji fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka wuce asibiti nan take.

Sai maiɗakinka. Na san tausayi ne ya rufe maka baki, kuma tsoronta ba na banza ba ne. Amma ka tuna ranar da za ta gane cewa da hannunta ta riƙa miƙa maka abin da ke ƙara maka ciwo. Wannan zai fi yi mata zafi, balle a ce ta ji labarin daga bakin ƙanenka. Zaunar da ita yau, ka kira abin da sunansa, tiyata, kada ka sake cewa aiki. Bar ta ta yi kukanta. Sannan ka tafi da ita wajen likita, ta yi tambayoyinta da bakinta, har da na yayanta.

Macen da ta tsaya a kanka sai ka yi shara don ka warke, ita ce za ta tsaya a kanka sai ka sha magani ka yi atisayen da aka ba ka. Irinta ake nema a bakin gado. Allah ya sa a yi a sa'a, ka koma kan kekenka da silifas biyu a ƙafa.

Goggo