Hannun Lawali Bai Kai Kunne Ba

Litinin, 8 ga Nuwamba, 1954, Bungudu
Ƙanwata Lantana ta iso daga Gusau da akwatinta da fitinarta. Tun da ta yi reno a gidan wata malama a Sabon Gari take ganin ta fi kowa. Ko ruwa ba ta sha ba, wai ɗana Lawali zai shiga elementare a Janairu, ita za ta shirya shi. Wa ya aike ta?

Juma'a, 12 ga Nuwamba
Ta mayar mini da tsakar gida juji. Faranti cike da rairayi, yaro na zane a ciki da yatsa. Karan dawa an yanyanka, dogo da gajere, wai ya jera. 'Ya'yan tsamiya a ƙoƙo. Har yumɓu ta ɗebo a rafi, ta murɗa baƙaƙen boko ta shanya a kan katanga kamar kashin awaki. "Yaya, da hannu yaro ke fara ganewa." Na ce ai ɗinki ma da hannu ake yi, kuma can nake son nasa.

Asabar, 20 ga Nuwamba
Maɓallaina! Na zo sa wa rigar mutane, gwangwani wayam. Suna gaban Lawali, farare gefe, baƙaƙe gefe. Na wanke Lantana tas. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, 'yar rainin hankali.

Laraba, 1 ga Disamba
Ni ma na shiga ajin Yaƙi da Jahilci don in riƙa rubuta awon mutane, kuma ya ishe ni. Amma babban ɗana Ɗahiru fa? Boko ya kai shi Sakkwato, daga can Kaduna. Salla nawa ke nan bai zo ba. Zuwansa na ƙarshe a tsaye ya gaishe ni, a bakin rumfata, gaban jama'a. Lawali kaɗai ya rage mini. Wallahi ba zan ba su shi ba.

Lahadi, 5 ga Disamba
Na taka ɗaya daga cikin baƙaƙen yumɓun. Da gangan. Lawali ya tsince gutsattsarin, ya ce, "Baba, na farkon sunana ne." To, sai me?

Talata, 14 ga Disamba
Na auna Lawali zan yi masa riga, sai dariya ta kama ni. A makaranta malam kan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnen ɗaya gefen, wanda bai kai ba a koro shi gida. Hannun Lawali ba zai kai ba. Ni tela ne, na gani. Ban gaya wa kowa ba. Su yi ta wasan ƙasarsu.

Litinin, 10 ga Janairu, 1955
Yau aka ɗauki yara a makaranta. Lantana ta yi wa Lawali wanka, ya ƙulle baƙaƙensa a tsumma. Na bi bayansu, wai kasuwa za ni. Malam ya ce ya ɗora hannu. Ya miƙa, ya karkata wuya, har ɗage ya yi, yatsun suka tsaya sama da kunne. "Sai baɗi." Yaron ya durƙusa yana kwance ƙullinsa zai nuna wa malam abin da ya iya, malam kuwa har ya kira na baya.
Lantana ta juyo. "Ka sani, Yaya." Na ce na sani mana.
Alhamdu lillahi. Abin da nake so ke nan.

Alhamis, 13 ga Janairu
Lantana ta ce wai ba boko ya kori Ɗahiru ba, bakina ne. Ni za ta gaya wa haka, a gidana! Na ce ta tattara. Ta tafi Tsafe wajen kawunmu. Gara haka.

Juma'a, 21 ga Janairu
Lawali na zaune a rumfa kusa da keken ɗinki, yadda na so. Ba ya magana. Na tura masa gwangwanin maɓalli, bai taɓa ba. Kaji sun watsar da rairayin farantin. Da la'asar na same shi bayan rumbu, ya ɗora hannu bisa kai yana jan sa da ɗayan, hawaye na zuba, ba ya ko kuka da murya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban san da wa ba.

Lahadi, 6 ga Fabrairu
Ba aiki yau. Ga ragowar ƙyalle mai kauri, ga almakashi, sai na yanka wasu baƙaƙe. Don kada ƙyallen ya lalace ne kawai. Na yumɓu ai karyewa suke, aikin banza irin nata. Na farkon sunansa na ajiye a juye, ya miƙo hannu ya gyara, ya ce, "Ba haka ba ne, Baba." Rabona da jin muryarsa sosai tun ranar da aka koro shi.
Wani mai goro zai bi ta Tsafe jibi. In ya ga dama ya gaya wa Lantana farantinta na nan, ta zo ta ɗauki abinta.
Na sake auna hannunsa. Don riga ne.
Saura kaɗan.