Kibiyar da Ke Tsalle Bayan Azahar

Fagge, Kano
Litinin

Zuwa ga matata Gumsu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Kaka. Ya ƙafar tata? Ni dai ina nan, shekara shida a garin mutane, har yau baƙo.

'Yar laftof ɗin da makaranta ta ba ni don shigar da makin jarrabawa ta rikice. Da safe lafiya lau. Amma da na dawo daga Azahar, na ɗora yatsa a faifan da ake shafawa don motsa kibiyar kan allo, sai kibiyar ta hau tsalle, ta danna inda ban nufa ba, maɓallin hagu kuma ya maƙale. Makin yara goma sha ɗaya ya sauya. Iyaye sun zo, an ci mutuncina.

Wa ke zama a ofis in na tafi masallaci? Malama Obiageli kaɗai. Aikin nan da ma nata ne kafin a ba ni. Na gaya wa shugaban makaranta a gaban malamai cewa ita ce ta taɓa, an dakatar da ita.

Mijinki,
Ari

Fagge, Kano
Alhamis

Gumsu,

Ina gaishe ku, da fatan zazzaɓin 'yarmu Ruwaida ya sauka.

Obiageli ba ta nan, amma kibiyar ba ta fasa ba. Na ce to ta sa mata wani abu a ciki. Na kai laftof ɗin Sabon Gari wurin wani mai gyara, Ebuka, na tsaya a kansa kada ya sauya mini kaya. Ya jona linzamin kwamfuta na waje a madadin faifan, komai ya yi daidai. Ya goga auduga a faifan, ya sansana, ya miƙo mini.

Turarena ne, Gumsu. Mai maiƙon nan da nake shafawa a tafin hannu bayan kowace sallah. Ya lulluɓe faifan, ya tsiyaya ƙarƙashin maɓallin. Ebuka ya wanke, ta warke.

Ba wanda ya sani a makaranta. Har yanzu ban yarda matar nan tana sona da alheri ba, amma wannan ba ita ta yi ba, kuma 'ya'ya uku take ciyarwa. Gobe da safe zan shiga wurin shugaba in faɗi gaskiya a gaban malamai, kamar yadda na yi ƙarar a gabansu. In kin gan ni Maiduguri da jakata, kada ki tambaya.

Ki sa Kaka ta yi mini addu'a.

Naki,
Ari