Takardu Bakwai a Bangon Likita

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Ya ciwon bayan naki? Mu nan kalau muke, sai dai kwana biyu ke nan Baba ba ya amsa gaisuwata, kuma gara ki ji dalili daga gare ni kafin ya kawo miki ƙarata.

Kin san idonsa na hagu ya mutu tun haɗarin nan. Na daman kuma yanar ido ta rufe shi, shekara huɗu ke nan sai da murya yake gane mutum. To, amininsa mai kanti ya haɗa shi da wani likita, ɗan ƙanwarsa, wai hannunsa da sa'a. Ranar Litinin na raka shi. Wuri tsaf-tsaf, ga sanyi, ga kujeru masu laushi. Likitan ya taso da kansa ya riƙo hannunsa, Baba kaza Baba kaza. Nan take tsohon naki ya narke, ya yi alkawarin za a yi aikin ranar Asabar.

Ni kuwa kin san halina. Shekara goma sha huɗu ina tantance takardun ɗalibai a ofishin makaranta, ba na iya wuce takarda mai hatimi ban karanta ba. Suna hira, ni ina bin bango da ido. Takardu bakwai a cikin gilashi. Shida duk na halartar taron bita ne, wani na kwana uku, wani ma na yini ɗaya. Ta bakwai ce ta karatun likita, kuma ba ta ce komai a kan ido ba.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi hukumar da ke ba likitoci lasisi. Na sha zaman benci har ƙafata ta yi tsami. Matar da ke kan tebur ta duba rajista, ta ce likita ne na gaske, lasisinsa bai mutu ba, amma babu sunansa cikin ƙwararrun ido. Ban ce macuci ba ne, Yaya, ƙila ma ya iya. Amma ba a kan ido ɗayan da ya rage wa ubana za a gwada ƙila ba.

Na soke aikin. Baba ya hau ni da faɗa, wai na je tonon asirin ɗan mutane, na zubar masa da mutunci a wurin mai kanti. Don Allah ki ba shi baki, ke yake jin maganarki.

Ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da murna, da fatan kowa lafiya. Allah ya saka miki da wayar da kika yi masa. Ban san me kika ce ba, amma ya yarda ya bi ni, yana tafe yana mita.

Matar hukumar nan ta ba ni sunayen ƙwararru uku, na zaɓi wata likita a babban asibiti bayan na tambayi mutum biyu da ta yi wa aiki. Ɗakinta ƙarami, fanka na ƙara, bangon ba komai sai allon gwajin ido. Na cire kunya na tambaye ta inda ta yi karatu da shekarunta a aikin ido, Baba yana ta taka mini ƙafa. Ko a jikinta. Ta jawo durowa ta miƙo mini lasisinta, ta ce kowane mako tana irin wannan aiki, kuma wasu 'yan kaɗan sun samu matsala, ta faɗi irinta ba ta ɓoye ba. Da ta auna shi ta ce sukarinsa ya hau sosai, ba za ta taɓa idon ba sai ya sauka, don ciwon zai iya ƙin warkewa. Wancan likitan ko aunawa bai yi ba. Nan take Baba ya janye ƙafarsa.

Mako uku muka yi muna yaƙi da shi a kan abinci. Shekaranjiya aka yi aikin, jiya da safe aka cire auduga. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi taga, ya dubi likitar. Sai ya juyo ya tsura mini ido, ya daɗe, har na tsorata ko bai gan ni ba.

"Auta," ya ce, "yaushe kika yi furfura?"

Yaya, kuka na fashe da shi a gaban mutane, ni da girmana. Bai ce in yi haƙuri da faɗan da ya yi mini ba, kin san shi. Ya dai riƙe hannuna bai saki ba har muka shiga mota, alhali yanzu ba ya bukatar jagora.

Ya ce in gaya miki ya gaji da jin muryarki a waya. Ki zo da yaran duka, ƙaramar ma bai taɓa ganin fuskarta ba.

Sai kun iso.

Ƙanwarki mai furfura,
Auta