Duk Sabulu Ɗaya Ne

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana ashirin da takwas in miƙa kundin digirina na biyu. Dakta, mai duba aikina, ta ce babu sauran ƙarin lokaci. In na makara, shekara uku sun tafi a banza.

Gwajin ba wuya. Sabulu iri ɗaya ne, na naɗe rabi a farar takarda, rabi a mai ruwan zinari na ƙara masa kuɗi, na jera a kantin Kawu. So nake in nuna ido ke saye, ba hankali ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na haɗa sakamakon mako shida. Kusan kowa farin ya saya. Dakta ta cire tabarau ta ce, "Ko dai 'yan unguwarku waliyyai ne, ko wani abu ya lalace." Na sha kuka a banɗakin sashenmu.

Asabar, 8 ga Maris
Na wuni a bayan kwalaye a kantin Kawu kamar mai karatu. Da kunnena na ji. Duk wanda ya kai hannu kan mai zinari, sai Kawu ya yi ƙasa da murya: "Duk ɗaya ne, ɗauki farin. Karatun 'yata ne."

Mako shida! Wayyo ni.

Lahadi, 9 ga Maris
Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "'Yar nan, shekara talatin suna saye a hannuna. In rufe su saboda takarda?" Na ce ai bayan gwaji za a mayar wa kowa rarar kuɗinsa, ƙa'ida ce. Ya ce, "Ni kuma wa zai mayar mini da amanata?"

Laraba, 12 ga Maris
Wata 'yar ajinmu ta ce in gyara lambobin kawai, wa zai sani. Na buɗe kwamfuta. Na rufe. Na sake buɗewa, na zuba mata ido har ta mutu.

Asabar, 15 ga Maris
Kawu ya bar mini kantin kowace safiya, in tsaya da kaina, bakina alaikum. Ko kallona bai yi ba da ya miƙo makulli.

Litinin, 17 ga Maris
Sha ɗaya cikin sha biyar sun ɗauki mai zinari. Abin da nake nema ke nan. To me ya hana ni cin abinci?

Laraba, 19 ga Maris
Wata tsohuwa mai wankau ta shigo. Ta shinshina mai zinari ta ce, "Tunda a kantin nan ne, na san mai tsadar ya fi." Ta fara kwance bakin zanenta. Ban san lokacin da na ce, "Iya, duk ɗaya ne, ɗauki farin" ba.

Na rubuta shi a sakamakon kamar yadda ya faru. Na tura wa Dakta saƙo, ina son mu tattauna canja taken kundin. Tsoro nake ji sosai, saura kwana sha biyu.

Gobe zan mayar wa Kawu makullinsa. Ba wai don shi ke da gaskiya ba.