Orval Ya Koma Kan Sitiyari

Altoona, watan Oktoba

Ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Noreen da yara. Yaya gwiwar Noreen? Ka shafa mini kan auta.

Ka rubuto cewa tunda likita ne ya ba mijina Orval katin wiwi, ba wanda ya isa ya taɓa aikinsa. Haka yawancin mutane ke zato, har ɗalibaina, kuma ba na gajiya da zaunar da su in warware musu. Jiha ce ta halasta ta ga marasa lafiya. Direban bas ɗin 'yan makaranta kuwa dokar tarayya ce a kansa, ita kuma ba ruwanta da kati.

Ranar Talata sunansa ya faɗo cikin waɗanda za a yi wa gwajin fitsari na ba-zata. Ka san man wiwin yake ɗigawa ƙarƙashin harshe saboda ciwon bayansa, shi ma sai ranakun hutu. Bai taɓa hawa mota da ita a kai ba. Amma fitsari ba ya faɗin yaushe aka sha, sai dai ya ce an sha. An dakatar da shi, ga fansho saura ƙiris. Sun ce in ya bari, gwaji ya fito fes, zai iya komawa.

Yanzu da safe sai ya tsaya a taga yana kallon wani yana jan bas ɗinsa.

Yayarka,
Maxine

Watan Nuwamba

Ƙanena Wendell,

Ina gaishe ku duka. Kek ɗin kabewar ya iso, ka yi wa Noreen godiya.

Orval ya koma aiki. Kada ka yi saurin murna. Da ya bar man, ciwon ya dawo har ba ya iya ɗaure takalminsa. Sai ya koma wa ƙwayoyin nan masu ƙarfi na kashe ciwo, waɗanda ka taya ni raba shi da su da ƙyar. Su an yarda da su, muddin likita ya rubuta. Har tsokanata yake yi, wai “Malama, kwantar da hankalinki, yanzu ni da doka muna ɗasawa.”

Ranar Lahadi, da rana tsaka, barci ya ɗauke shi a kan tebur, cokali a hannu, miya na zuba a rigarsa. Sai da na jijjiga shi da ƙarfi ya buɗe ido, ya ce wai tunani yake.

Wendell, ƙofar makarantarmu yake sauke yaran. Na san sunan kowanne, na san iyayensu. In na kai ƙara, na rusa mijina da hannuna. In na yi shiru, kullum da safe da ni ake caca da 'ya'yan mutane. Na ba kaina zuwa Litinin mai zuwa, daga nan zan shiga ofis in faɗa.

Na fi so ya ajiye makullin bas ɗin da kansa. Na yi lallashi, na yi kuka, ya ce na mayar da shi ɗan aji. Kai yana jin maganarka. Asabar ɗin nan ka zo ka ɗauke shi ku tafi farautar barewa, ka gwada naka. Amma kai za ka tuƙa, kuma ka bar bindigarsa a gida.

Yayarka mai ƙaunarka,
Maxine