Da Sunan Yayana Gurgu Na Karɓi Rumfa, Inna Za Ta Sa A Ja Yasin

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu karatu, ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagi, wanda nike yi ma kaina ma ya ishe ni.

Mu mutanen Giyawa ne, yankin Goronyo. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, bari in kira shi Yaya Mudi. Gurgu ne tun yana ƙarami, amma duk ƙasarmu ba mai gyaran injin ban-ruwa kamarsa. Tun daga Tursa da Dinawa ake ɗauko mashi inji bisa babur, ya saurari kukansa kawai ya gaya maka inda ciwon yake. Gindin wani dogonyaro yake aiki, ba wuta ba rumfa. Da baƙin man nan na hannunsa ya yi mani makaranta har nig gama difloma.

Shekara biyu da sunka wuce anka keɓe wani fili kusa da dam, anka gina rumfuna don masu sana'a, wuta kyauta, ba haraji na wasu shekaru, ga titi har bakin ƙofa. Anka ce wani kaso na naƙasassu ne, kuma wanda ba ya iya zuwa ya aiko wakili. Lokacin ina zaman kashe wando, ga mata ga ɗiya biyu. Sai wani Alhaji dillalin albasa ya kira ni yac ce, "Ba kai ad da wa gurgu ba? Kawo takardunai mu amshi rumfa, in sa injin busar da albasa, kai ka zama manaja." Wallahi ko gardama ban yi ba. Nit tafi wurin Yaya Mudi nic ce mashi keken guragu mai inji za a raba. Ya goge babban yatsansa ga riga, ya dangwala inda nin nuna, yana dariya yana cewa, "Karatu ya yi rana!" Ni kuma nis sa hannu a matsayin wakilinsa, anka ba mu rumfa. Da ya tambayi keken bayan wata uku, nic ce manya sun cinye. Yac ce, "Halinsu na." Wane irin mutum ne ni? Kullum ina zaune ƙarƙashin fanka da sunansa, shi yana can rana tana bin shi yana jan jiki yana bin inuwa.

Watan jiya ya ji a rediyo za a sake rabo. Bai gaya ma kowa ba, ya sa rigarsa ta Salla anka ɗora shi bisa babur har ofishin. Matar da ke rajista, wata Madam 'yar Zuru, ta duba tac ce ai mai wannan suna ya riga ya karɓa tun rabon farko. Ko ranar da Baba ya rasu ban ga hawayen Yaya Mudi ba, amma ran nan da ya dawo gida na gani. Yac ce mani, "Ƙafa ba ni da ita, na haƙura. Sunan ma sai an ɗauke? Waɗanda sunka cinye keken nan na, na rantse. Kai ka san kan ofis, binciko mani su." Nic ce to. To fa nic ce!

Bayan kwana biyu Madam ta aiko in zo. Ta rufe ƙofa tac ce, "Na ga sunanka a fayil, kai ne wakili. Ban faɗa masa ba, don sau uku yana ce mini ƙanensa ɗan boko zai zo ya gyara. Masu bincike suna tafe, kuma ni ba zan yi ƙarya a kan aikina ba." Nir ruga wurin Alhaji, ya ko tsaya yana sakace yac ce, "Ina sunana cikin takarda? Yatsa na yayanka na, sa hannu naka." Kuma dokar wurin, in an kama aron suna, da mai aro da mai sunan duk ba su sake samun rumfa. Wa zai yarda cewa bai san abin da ya dangwala ma yatsa ba? Ke nan ko na tona kaina, ban da tabbacin zai samu.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar Inna, mahaifiyarmu. Tun ranar, ba ta idar da salla ba tare da ta yi Allah ya isa ga wanda ya ci sunan ɗanta ba, in ina kusa ni ke cewa amin. Yanzu ta sayar da akuyarta ta ce malamai za su ja Yasin ranar Jumma'a bayan an sauko masallaci. Duk wanda ya tashi ƙasarmu ya san ba a wasa da Yasin, mun ga waɗanda ta kama. Nic ce, "Inna, a bar ma Allah mana." Tac ce, "Ai shi za mu kai ma. Mi ad damuwarka? Wallahi ko ni nih haife shi ban yafe ba." Sannan ta miƙo mani aikin: ni zan sayo goro, ni zan ɗauko malaman bisa babur ɗina.

Tsoro nike ji, kuma kunya ta fi tsoron. In na yi magana, ban san da wane ido Yaya Mudi zai dube ni ba, kuma Inna tana da hawan jini. In na yi shiru, da hannuna zan shimfiɗa ma malamai tabarma su karanta a kaina, uwata tana bayan zana tana amin.

Yau Laraba. Na riga na sayo goron, yana cikin jakata. Jama'a, ku dubi Allah ku gaya mani, mi zan yi?